Askirim Cikin Rigar Shinkafa: Nazari a Kan Asali da Sunan Wani Kayan Maƙulashe na Japan

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adu sun daɗe da lura da yadda al'umma take karɓar baƙon abu ta sarrafa shi har ya zama tamkar nata. Galibi idan ana wannan magana, akan zuba ido ne ga baƙon abin domin a ga irin sauyin da ya samu bayan shigowarsa. Ba a cika waiwayar abin gida ba, alhali shi ma yakan bar wani abu daga cikin halinsa kafin su zauna lafiya da baƙon. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin wannan ɓangare na biyu, ta hanyar ɗaukar misali guda daga ƙasar Japan.

Misalin shi ne wani kayan maƙulashe da ake yi da curin askirim a naɗe cikin siririn kwaɓin garin shinkafa mai danƙo. Girmansa kamar na ƙwan kaza ne ko ƙasa da haka, kuma ana barbaɗe bayansa da gari don kada ya manne a hannu, kamar dai yadda ake yi wa fura. A kantunan Amurka da Turai ana sayar da shi da sunan mochi, wanda bisa ƙa'idar rubutun Hausa sai a rubuta shi moci. Masu saye da yawa suna ɗaukar sa tsohon abincin Japanawa, amma a gaskiya bai shiga kasuwa ba sai a shekarar 1981. Maƙalar za ta bi asalin ɓangarorinsa biyu, ta nuna yadda aka haɗa su da irin matsalar da aka ci karo da ita, sannan ta dubi abin da ya sami ita kalmar moci kanta.

2.0 Moci a Al'adar Japanawa

2.1 Yadda Ake Yin Sa

Moci na asali ba shi da zaƙi. Ana yin sa ne da wata irin shinkafa mai gajeriyar ƙwaya wadda Japanawa suke kira mocigome. Akan jiƙa ta ta kwana, a turara ta har ta nuna, sannan a juye ta da zafinta cikin wani babban turmi na itace ko na dutse mai suna usu. Taɓaryar, wadda ake kira kine, siffar babbar guduma gare ta. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana kirɓawa, ɗayan kuma yana tsoma hannu cikin ruwa yana juya curin tsakanin bugu da bugu. Dole su daidaita kansu da kira da amshi, domin in ɗayansu ya yi kuskuren lokaci, guduma ce za ta sauka a kan hannun mai juyi. Ana ci gaba da kirɓi har sai ƙwayar shinkafar ta ɓace, abin ya zama fari sumul mai talewa. Wanda ya san yadda ake kirɓa sakwara ya san rabin wannan aiki, sai dai moci ya fi sakwara danƙo nesa ba kusa ba. Saboda wannan danƙo ne ma hukumar kashe gobara ta birnin Tokyo take gargaɗin jama'a a kowace shekara da su yayyanka shi ƙanana kafin su ci, domin yakan maƙale wa tsofaffi a maƙogwaro har a yi asarar rai.

2.2 Matsayinsa a Bukukuwa

Tun a zamanin Heian, watau daga shekarar 794 zuwa 1185, moci yake cikin hidimomin sabuwar shekara a fadar sarkin Japan, daga baya ya bazu zuwa gidajen talakawa. A ƙarshen watan Disamba dangi da maƙwabta sukan taru su yi kirɓi tare. Daga cikin abin da aka kirɓa ake cura faifai biyu, babba da ƙarami, a ɗora ƙaramin bisa babban, a aza lemo mai ɗaci a samansu, a ajiye a wani keɓaɓɓen wuri cikin gida domin abin bautar sabuwar shekara na addinin Shinto. Sunan wannan kagami moci, watau mocin madubi, saboda ya yi kama da madubin tagulla na da. Ranar 11 ga Janairu, a yawancin sassan ƙasar, ake sauke shi a ci. A lokacin ya riga ya bushe ya ƙandare, amma ba a sa masa wuƙa, sai dai a farfasa shi da hannu ko da 'yar guduma. Kai, ko kalmar yankawa ko fasawa ba a furtawa a wannan rana, sai a sakaya a ce an buɗe madubi.

Haka kuma idan yaro ya cika shekara guda da haihuwa, akan goya masa moci mai nauyin kusan kilo 2, domin yi masa fatan kada ya rasa abinci har ƙarshen rayuwarsa. Adabin baka ma bai bar shi a baya ba. Yaran Japan sukan ce inuwar da ake gani a fuskar wata zomo ne yana kirɓa moci. Akwai kuma almarar da ake dangantawa da asalin wurin bautar Fushimi Inari na birnin Kyoto, wadda take cewa wani attajiri ne dukiya ta ruɗe shi har ya kafa curin moci yana gwajin harbi da kibiya a kansa, sai mocin ya rikiɗa ya zama farin tsuntsu ya tashi ya bar shi. Darasin almarar a fili yake, wato moci abu ne mai alfarma wanda ba a wulaƙanta shi.

3.0 Daifuku da Shigowar Askirim

Dabarar naɗe wani abu mai zaƙi cikin moci ta girmi askirim a Japan. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, masu sana'ar kayan zaƙi sun riƙa dafa wani ɗan ƙaramin jan wake mai suna azuki da sukari, su dame shi ya yi kauri, su cusa shi cikin curin moci. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 wannan abu ya yi farin jini a birnin Edo, wanda shi ne Tokyo ta yau, inda 'yan talla suke gasa shi a kasko su sayar da shi da ɗuminsa a daren hunturu. Sunansa daifuku. Da farko ana rubuta sunan ne da haruffan da ke nufin babban ciki, saboda yadda yake a cike dam. Daga baya aka musanya harafi na biyu da wani mai lafazi iri ɗaya, sai ma'anar ta koma babbar sa'a.

Shi kuwa askirim baƙo ne na sosai, domin kafin ƙasar ta buɗe ƙofarta ga Turawa a tsakiyar ƙarni na 19, madara ba ta cikin abincin yau da kullum na Japanawa. A shekarar 1869 wani mutum mai suna Machida Fusazo ya fara sayar da askirim a garin Yokohama, tashar jiragen ruwa inda baƙi suka fi yawa, kuma tsadarsa ta sa ba kowa ke iya saye ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, da firiji ya shiga gidaje da kantuna, sai ya zama abin kowa. Duk da haka an ci gaba da ɗaukar sa abin sha na lokacin zafi kawai. Bugu da ƙari, harshen Japananci ya raba kayan zaƙi gida biyu: wagashi, watau na gargajiya, inda daifuku yake, da yogashi, watau na Turawa, inda askirim yake. Fiye da shekara ɗari suka yi a ƙasa guda kowa yana ɓangarensa.

4.0 Haɗuwar Biyun

4.1 A Japan

Kamfanin da ya haɗa su shi ne Lotte, wanda Shin Kyuk-ho, ɗan asalin Koriya, ya kafa a Tokyo a shekarar 1948, ya kuma fara da sana'ar cingam. Lotte ya shigo kasuwar askirim ne a makare, bayan manyan kamfanonin madara sun riga sun kama wuri, don haka ya nemi abin da babu mai yin sa. A shekarar 1980 ya fito da Wataboshi, askirim a naɗe cikin wata lallausar alewa mai kama da auduga wadda Turawa ke kira mashmalo. Shekara guda bayan haka, a 1981, aka maye gurbin alewar da kwaɓin shinkafa, aka raɗa wa sabon abin suna Yukimi Daifuku.

Wannan suna abin a tsaya a duba ne. Yukimi na nufin kallon dusar ƙanƙara, wata tsohuwar al'ada ta zama a more kyan gari idan dusa ta rufe shi, 'yar'uwar al'adar kallon furanni da ta kallon wata. Ke nan sunan bai ambaci askirim ba ko kaɗan. Ya kira abin daifuku, ya kuma jingina shi ga hunturu. Haka ma aka tsara cinikinsa: ana zuba shi biyu-biyu cikin jan mazubi tare da ɗan tsinken roba, ana kai shi kantuna a lokacin kaka da hunturu, lokacin da kasuwar askirim take mutuwa, domin mutane su ci shi suna zaune cikin ɗumin ɗaki. An daɗe a kan wannan tsari, sai a shekarar 2018 kamfanin ya fara sayar da shi duk tsawon shekara.

4.2 A Amurka

Hanya ta biyu ta biyo ne ta unguwar Japanawa da ke birnin Los Angeles, wadda ake kira Little Tokyo. A can a da akwai wani shagon wagashi mai suna Mikawaya da ya samo asali tun 1910, a hannun iyalin Hashimoto. A shekarar 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe mutane kusan 120,000 masu asalin Japan ta tsare su a sansanoni, shagon ya rufe. A ɗaya daga cikin sansanonin nan, Poston ta jihar Arizona, aka haifi Frances Hashimoto a 1943. Iyalin sun sake buɗe shagon a 1945. Frances ta fara aikin koyarwa, amma a 1970 ta bar aji ta karɓi ragamar sana'ar gidansu. Mijinta, Joel Friedman, shi ya kawo shawarar naɗe askirim cikin moci, suka yi shekaru suna gwaji, har a farkon shekarun 1990 suka fitar da shi kasuwa da ɗanɗano iri-iri, kamar na koren shayi da jan wake da mangwaro da cakulan. Daga nan ya shiga manyan kantunan Amurka. Frances ta rasu a 2012. A Ingila kuma, wasu 'yan'uwa biyu, Vivien da Howard Wong, sun kafa kamfanin Little Moons a 2010, wanda cinikinsa ya bunƙasa ƙwarai a 2021 bayan matasa sun yayata shi a dandalin TikTok.

A rubuce-rubucen Amurka akan ce Frances Hashimoto ce ta ƙago wannan abu. Shekarun da aka kawo a sama sun nuna Lotte ya riga ta shiga kasuwa da fiye da shekara goma. Abin da ya dace a ce shi ne Lotte ya fara, ita kuma ta buɗe masa hanya zuwa ga mutanen da ba su taɓa jin sunan moci ba.

5.0 Matsalar Sanyi da Yadda Aka Warware Ta

Mai karatu yana iya tambaya, in dai an san daifuku an kuma san askirim, me ya jinkirta haɗa su? Amsar tana cikin halin sitaci. Sitacin hatsi iri biyu ne a haɗe: amilos, mai miƙaƙƙen zare, da amilofektin, mai rassa. Shinkafar da Japanawa ke ci yau da kullum tana da amilos kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ita kuwa mocigome kusan dukkan sitacinta amilofektin ne, kuma shi ne tushen danƙonta. Idan aka dafa sitaci da ruwa, zarurrukansa sukan warware su sha ruwa su yi laushi. Idan ya huce, sai su fara komawa su matse juna suna korar ruwan, abin ya taurare. Wannan ne dalilin da ya sa tuwon da ya kwana yake tauri, sai an yi ɗumame ya dawo da laushinsa. Sanyi yana gaggauta wannan taurin. Idan kuma aka kai ga awo 18 ƙasa da sifiri, inda ake ajiye askirim, ruwan da ke cikin kwaɓin yakan daskare, mocin da aka kirɓa a turmi ya zama kamar dutse. Tuwo ana iya ɗumama shi, amma ba dama a ɗumama abin da askirim ke cikinsa.

Mafita ta fito ne daga cikin sana'ar wagashi kanta. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin wani kwaɓi mai suna gyuhi, wanda ba a kirɓa shi a turmi. Ana dama garin mocigome da ruwa, a ɗora a wuta ana tuƙawa, ana zuba sukari da wani ruwan zaƙi mai kauri da ake samu daga sitaci, mai suna mizuame. Sau da yawa nauyin sukarin yakan kai na garin, ko ma ya fi shi. Sukari yana riƙe ruwa ya hana shi barin sitacin, yana jinkirta matsewar zarurrukan, yana kuma rage yawan ruwan da zai daskare. Saboda haka gyuhi yakan yi kwanaki da laushinsa, kuma idan aka murza shi siriri, 'yan mintoci kaɗan bayan an fito da shi daga firiza zai tauno.

Saura matsala ta biyu, wadda ta shafi haɗawar. Kwaɓin ba ya miƙuwa da kyau sai da ɗumi, askirim kuma ba ya jure ɗumi. Mai yi a gida yakan fara cura askirim ya mayar firiza ya ƙandare, ya murza kwaɓin bisa garin sitacin dankali ko na masara, ya bari ya huce, ya yayyanka shi faifai-faifai, sannan ya naɗe kowane curi da hanzari ya tsuke bakin, ya mayar cikin sanyi. A masana'anta inji ne yake yin wannan cikin ƙiftawar ido. Abin lura a nan shi ne rigar da askirim ya sanya ba moci ba ce irin wadda aka bayyana a sashe na 2.0. Babu turmi, babu taron kirɓi, kuma abin da asalinsa ba shi da zaƙi ya koma kusan rabinsa sukari.

6.0 Suna da Ma'ana

Sauyin bai tsaya ga kwaɓi ba, ya taɓa kalmomi. Da Japananci ya ari sunan askirim daga Ingilishi, sai ya mai da shi aisukurimu, domin harshen ba ya yarda baƙaƙe su yi cunkoso ba tare da wasali ya raba su ba. Hausa ma haka ta yi wa wannan kalma, kamar yadda ta yi wa burodi da sitaci. Daɗin daɗawa, dokar Japan ta ƙayyade ma'anar kalmar: ba a rubuta aisukurimu a jikin kaya sai daskararrun sinadaran madara sun kai kashi 15 cikin ɗari, kitsen madara kuma kashi 8. Wanda ya kai kashi 10 da kashi 3 sunansa aisu miruku, kuma a wannan aji Yukimi Daifuku yake.

Ita kuwa kalmar moci, da ta ƙetare teku sai ma'anarta ta tsuke. Ga Bajapane, moci shi ne farar kirɓaɓɓiyar shinkafa da ake gasawa ko a jefa cikin miyar sabuwar shekara. Ga masu saye da yawa a Amurka da Ingila, moci shi ne ɗan curin nan mai sanyi da zaƙi. Irin wannan tsukewar ma'ana sananniya ce ga kalmomin aro. Alal misali, kalmar da Hausa ta samo fulawa daga gare ta tana nufin garin kowane hatsi a Ingilishi, amma a Hausa garin alkama kaɗai take nufi, domin da shi ta shigo. Haka moci ya shiga bakin Turawa tare da askirim, sai aka ɗauka su ɗaya ne.

Wannan yana da amfani ga mai fassara da mai ƙirƙirar kalmomi. Idan aka ari kalmar ta hannun Ingilishi ba tare da bincike ba, za a aro ta ne da tsukakkiyar ma'anarta, ranar da kuma aka zo fassara bayani a kan bukin sabuwar shekarar Japan sai a sa mai karatu ya zaci askirim ake ajiye wa abin bauta. Ya fi dacewa a bar moci ga kirɓaɓɓiyar shinkafa, shi kuma wannan a kira shi askirim ɗin moci, ko a siffanta shi da askirim mai rigar shinkafa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wannan kayan maƙulashe ya fito ne daga haɗuwar abu biyu masu nisan asali, ɗaya abincin buki mai fiye da shekara dubu, ɗayan baƙon da ya sauka a Yokohama a 1869. Baƙon ya samu sunan gida da lokacin sha na gida, har aka sa shi cikin sahun daifuku. Abin gidan kuma ya bar turmi ya koma tukunya, ya sha sukari domin ya jure sanyi, sannan a ƙasashen waje ya sallama sunansa ga abin da ya naɗe. A Japan kanta ba a rasa komai ba tukuna, domin har yanzu ana kirɓi a ƙarshen Disamba, ana kuma buɗe madubi a Janairu, jama'a sun san bambancin moci da gyuhi. Ruɗanin yana wajen waɗanda suka karɓi sunan ba tare da tarihinsa ba. Ana fatan ɗalibai za su gwada irin wannan nazari a kan kayan abincin da suka shigo wa Hausawa, kamar taliya da burodi da shayi, su binciki abin da baƙon ya sauya da kuma abin da na gida ya bari domin karɓar sa.